Kibiyar Mai Gyaran Agogo

Shafi na 19

Masu cika min akwati da saƙo tun safe kuna cewa na bar ku a tsaye, to ku nemi wuri ku zauna. Ni kaina da nake rubuta wannan shafi sai da na ajiye waya na sha ruwa.

*

Manaja bai ko zauna ba da ya shigo. Makullin mota na maƙale a yatsansa yana kaɗawa, irin kaɗawar da ke nuna mutum bai zo neman shawara ba. Shi ne babba a cikin 'ya'yan gidan. Tun yana yaro Mama ta laƙa masa wannan suna, don ko wasa ake yi sai ya tsara wa kowa inda zai tsaya. Ya girma, sunan ya girma tare da shi.

Yau ya zo ɗaukar Baba ne.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bakinsa ya rufe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe cikin agogo da tsinken da bai kai gashin ido kauri ba, yanzu ga shi a keken marasa lafiya a tsakiyar falo, hannun dama a mace, na hagu yana karkarwa. Manaja ya riga ya gyara masa ɗaki a gidansa can wani gari mai nisa, ya samo mai jinya. Mama za ta bi su daga baya, a rufe wannan gida. Ya gama tsarawa, kamar yadda ya saba.

"Mama, an haɗa kayansa?"

"An haɗa," in ji Mama, ba ta ɗago ba. "Amma ka saurari ƙanwarka tukun."

"Na saurare ta jiya a waya. Kuka kawai na ji."

Auta na zaune gaban tsohuwar kwamfutar Baba, wadda ta jawo teburinta har gaban kekensa. Idanunta sun kumbura. Kusa da hannunta ga murfin gwangwanin madara cike da filasha, 'yan abubuwan ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, ja da baƙi da shuɗi, wasu an naɗe su da salatif.

"Yaya," ta ce, "Baba ya yi rubutu."

Makullin ya daina kaɗawa.

"Ya yi me?"

"Rubutu. Jiya da safe. Da hannunsa."

Manaja ya dubi mahaifinsa. Kan Baba a karkace, idonsa a kan bango, tawul a ƙirjinsa. Wani abu ya soki Manaja a zuciya, ya yi maza ya danne shi. Ya gaji da sa rai. Sa rai ya fi komai ci masa jiki a watannin nan.

"To nuna min."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Auta, na ce nuna min."

"Babu shi."

"Kamar yaya babu shi?"

"Ya goge."

Ga wanda bai san ciwon Auta ba, bari in faɗa masa. Akwai wata babbar manhaja da ke tuƙa kwamfuta gaba ɗayanta, ana ce mata Linuks. Ba ta mutum ɗaya ba ce. Mutane ne barkatai a duniya, kowa a ɗakinsa, suke haɗa ta su sake ta kyauta, wanda ya ga dama ya ɗauka ya gyara yadda yake so. Shi ya sa ta yi 'ya'ya da jikoki, kowanne da fuskarsa da halinsa. Auta kuwa ba wanda zai fito ta bar shi ya wuce. Sai ta zuba shi a filasha, ta soka a kwamfuta, ta yi yawo a ciki, ta yaba, ta kushe, gobe ta koma wani. Shekara da shekaru tana haka, ba ta taɓa zama da guda ɗaya ba.

Kuma ga inda gizo ke saƙar. In daga filasha ka tayar da ita ba ka girka ta a cikin kwamfutar ba, baƙuwa ce da ba ta sauke jaka ba. Kana kashewa za ta tafi da duk abin da ka yi.

"Yi min bayani yadda zan gane," in ji Manaja, muryarsa a sanyaye. Duk gidan sun fi tsoron wannan muryar a kan ta faɗa.

"Akwai allon haruffa da ke fitowa a fuskar kwamfuta," Auta ta ce da sauri. "Ba sai ka danna komai ba. Ka tura linzamin kwamfutar kawai da hannu, kibiya ta je kan harafi, in ta ɗan tsaya a kai sai harafin ya danna kansa. An yi shi ne don masu irin lalurar Baba. Na daɗe ina gwadawa, ina rage gudun kibiyar, ina ƙara girman haruffan, ina sauya tsawon jiran. Jiya sai ya yi daidai. Na sa hannunsa a kan linzamin na juya zan ɗauko ruwa, ina dawowa na ga kalma."

"Wace kalma?"

"Labule."

"Labule?"

Mama ta ɗago a karon farko.

"Kullum da safe nan muke ajiye shi bakin taga," ta ce. "Muna cewa yana son rana. Ashe idonsa take ci, bawan Allah, ba bakin faɗa. Ina sakin labulen ya sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba."

"Ke kin ga rubutun, Mama?"

Mama ta girgiza kai.

"Ina banɗaki. Ina fitowa na tarar da ita tana ihu, kwamfutar kuma ta yi baƙi."

Manaja ya juya kan ƙanwarsa a hankali.

"Wuta aka ɗauke?"

"A'a."

"To me ya faru?"

Hawaye ya zubo wa Auta.

"Ni na kashe."

"Ke kika..." Ya kasa ƙarasawa.

"Na ga yana shan wahala, Yaya! Harafi ɗaya sai ya yi ta fama. Sai na tuna akwai wani nau'in Linuks da na sauke shekaranjiya, an ce nasa allon ya fi kyau. Na ce bari in sa masa wancan ya fi jin daɗi. Wallahi hannuna ne ya riga kaina. Sai da kwamfutar ta mutu na tuna daga filasha nake."

"Ko hoto ba ki ɗauka ba?"

"Ban ɗauka ba."

"Saitin da kika ce kin yi fa?"

"Ya tafi duka. Da hannu na yi ta lalube, ban riƙe inda na tsaya ba."

Manaja ya yi wata dariya mara daɗi. Haushi ne ya cika shi, da tausayi, da wani abu kuma da ya ƙi ba shi suna.

"Wato mutum ya yi watanni bai ce uffan ba, ya buɗe baki, ke kuma kika ce bari ki gwada masa wani bakin."

"Manaja," in ji Mama.

"A'a Mama, bar ni. Wannan yarinyar ko Aljanna aka sa ta sai ta tambaya ko akwai sabon fitowa."

Auta ba ta musa ba. Ta share fuska da gefen mayafinta.

"Ka ba ni dama ɗaya," ta ce. "Kafin ka gama loda kaya. In bai yi ba, ni da kaina zan tura keken har bakin mota."

Ya so ya ce a'a. Amma akwatuna na tsakar gida, dole sai an kai su mota, lokacin kuma ba nasa ba ne balle ya hana.

"Kafin in gama," ya ce.

Ya kai akwatin farko ya dawo, ya tarar fuskar kwamfutar ta yi kore shar, da hoton ganye mai raɓa. Duk da kansa sai da ya tsaya. Wannan tsohuwar kwamfutar da yake cewa a ba 'yan gwangwan, ita ce ta yi wannan kyan?

"Wannan Kore ke nan," in ji Mama, kamar mai gabatar da surukai. Ita ta raɗa musu suna duka, don ta ce sunayensu na gaskiya karya harshe suke. "Kyakkyawa ce, amma akwai son jiki."

Gaskiyar Mama. Auta ta ɗora hannun Baba a kan linzami, hannun ya motsa, kibiya ta tsaya cak tana tunani, can kuma ta yi tsalle ta faɗa wani lungu. Fankar cikin kwamfutar sai huci take.

"Ta yi mata nauyi," Auta ta ce. "Kwamfutar ta tsufa."

Ta kashe, ta zare, ta soka wata.

Ya kai akwati na biyu ya dawo. Wannan karon kafin ya ƙarasa shigowa har ta tashi.

"Gaggawa," in ji Mama. "Ita ba ta sallama."

Ba nauyi ko kaɗan. Amma duk karkarwar da hannun Baba ya yi sai kibiyar ta ɗauka ta ninka. Ta yi sama, ta yi ƙasa, haruffa suka riƙa zubowa a farin fili ba kai ba gindi, layi bayan layi.

Manaja ya nuna da makulli.

"Kin gani? Irin wannan kika gani jiya. Hannu na rawa, haruffa na zuba, zuciyarki ta haɗa miki abin da take so."

"Ba haka ba ne!"

"To sa na jiyan mana. Me ya hana?"

"Na sa shi jiya har yamma. Ya manta komai, na ce maka."

"Sa shi in gani."

Ta ɗauko wata filasha da aka naɗe da baƙin salatif. Wannan ya ɗan jima kafin ya tashi, da ya tashi kuma ba abin kallo. Fuska ruwan toka, ba hoto, ba ado.

"Toka," in ji Mama a hankali. "Mummuna ne, amma ni na fi yarda da shi."

Auta ta buɗe allon haruffan. Ta taɓa nan, ta taɓa can. Ta ɗora hannunsa. Kibiya ta tafi, ta wuce haruffan, ta dawo, ta sake wucewa. Wani harafi ya danna kansa tun kibiyar ba ta gama isa ba. Zufa ta keto wa Baba a goshi.

Manaja ya kai akwatin ƙarshe. Ya daɗe a bakin mota fiye da yadda aikin ke buƙata, ya dafa murfin but yana kallon titi. Mai shagon kusa ya ɗaga masa hannu, ya mayar ba tare da ya gan shi ba. Sannan ya koma ciki.

"Ya isa," ya ce. "Kin gajiyar da shi."

"Saura ɗaya, Yaya. Akwai wani shuɗi da ban..."

"Auta."

"Minti kaɗan!"

Ta miƙa hannu bayan kwamfutar za ta zare filashar. Shi kuma Manaja ya sunkuya, ya sa hannu a ƙarƙashin hannun Baba na hagu don ya ɗauke shi daga kan linzamin.

Yatsun Baba suka kama wuyan hannunsa.

Ba riƙon mara lafiya ba ne. Babban yatsa a sama, biyu a ƙasa, daidai inda ake ɗaura agogo. Manaja ya ji tsigar jikinsa ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya.

"Tsaya," ya ce.

"Bari in sa shuɗin kawai..."

"Na ce tsaya! Kar ki taɓa shi!"

Auta ta daskare, yatsunta a kan filashar. Riƙon ya ƙara ƙarfi. Ta janye hannunta a hankali, riƙon ya sassauta.

Likita ya taɓa gaya masa cewa hannun irin waɗannan marasa lafiya yakan damƙe abu da kansa, ba da sanin mai shi ba. Manaja ya tuna wannan magana, ya riƙe ta da ƙarfi, don ita kaɗai ta rage tsakaninsa da faɗuwa. Ya durƙusa gaban keken. Rabon da ya kalli cikin idon mahaifinsa har ya manta.

"Baba," ya ce. "In kana ji na, sake ni."

Agogon bango na ta tafiya.

Yatsun suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya.

"La'ilaha illallahu," in ji Mama, ta dafe ƙirji.

"Kama ni kuma."

Suka kama.

Manaja ya ji falon ya yi masa faɗi, ya ji kansa ƙarami a ciki. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda mutum ke ji in ya buɗe ɗakin da ya ɗauka kango ne ya tarar da mai ɗakin zaune yana kallonsa.

"Ba ya son ki sauya," ya ce da ƙyar. "Wannan yake so. Tokan."

"Amma saitin..."

"Shi zai yi saitin."

Auta ta dube shi kamar ya zare.

"Ke ki riƙe linzamin," in ji Manaja. "Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yana kallo. In ya yi daidai zai matse ni. Baba, haka ne?"

Matsi ɗaya.

Jama'a, abin da ya biyo baya, da a ce ba ni nake ba da labarin ba, da sai in ce ƙari aka yi. Auta ta buɗe wurin da ake rage gudun kibiya. Ta ja kaɗan, ta zagaya da kibiyar a fuskar kwamfutar. Ba matsi. Ta ƙara ja. Ba matsi. Ta ƙara, har kibiyar ta koma tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa.

"Ai ya yi yawa," ta ce.

"Bai matse ba. Ci gaba."

Ta ƙara ɗan taɓawa.

"Nan!" in ji Manaja. "Tsaya nan."

Suka koma kan girman haruffa. Auta ta yi ta ƙarawa har allon ya cinye rabin fuskar kwamfutar, sannan matsin ya zo.

Saura jiran, wato tsawon lokacin da kibiya za ta tsaya kafin harafi ya danna kansa. Duk sanda ya danna, kwamfutar na yin ɗan ƙara, ƙas. Auta ta ɗora kibiya a kan harafi. Ƙas.

Baba ya rufe ido.

"Ya gaji," in ji Auta.

"Bai gaji ba," Mama ta ce, hawaye na bin kumatunta tana murmushi. "Saurare yake. Haka yake yi in ya kara agogo a kunne. Ke dai ki yi shiru."

Auta ta ƙara jiran. Ƙas. Ba matsi. Ta ƙara. Ƙas. Ta ƙara kuma. Yatsan Baba ya ɗan ja fatar hannun Manaja baya.

"Kin wuce. Koma kaɗan."

Ta koma da ɗan abin da ido ba zai gani ba.

Ƙas.

Matsi, mai ƙarfi.

Baba ya buɗe ido. Manaja ya ɗauki hannun da hannayensa biyu, ya ɗora a kan linzamin, ya ja da baya a kan gwiwoyinsa.

Ba wanda ya yi numfashin kirki. Hannun na karkarwa yadda ya saba, amma yanzu kibiyar ba ta kula karkarwar. A hankali take tafiya, a miƙe, ta san inda za ta. Ta isa kan harafi ta tsaya.

Ƙas.

K.

Ta matsa.

A.

R.

"Kar," Auta ta karanta, hannu a baki.

Aka daɗe. Kowane harafi sai da aka yi masa jira, ba kuma wanda ya ƙosa. Da kibiyar ta tsaya gaba ɗaya, ga abin da ke rubuce a farin filin, manya-manya:

KAR KI KASHE

Mama ce ta fara fashewa. Dariya ce ko kuka, ita ma ba ta sani ba. Auta ta zube ƙasa ta kifa kai a gwiwar Baba tana cewa, "Ba zan kashe ba, Baba, wallahi ba zan ƙara ba, na tuba, ko wane iri ne ya fito ba ruwana!"

"Ɗauki hoto," in ji Manaja. "Ɗauki hoton rubutun da na saitin duka, yanzu, kafin wannan hannun naki ya sake riga kanki."

Ta ɗauka tana shessheƙa, hoto a kan hoto.

Shi kuwa ya kasa ɗauke ido daga allon. Sai yanzu ya lura har da ƙ da ɗ da ɓ a jikin haruffan, kowanne da gidansa.

"Wa ya yi wannan abin?" ya tambaya a hankali.

"Ban san su ba, Yaya."

"Kamar yaya ba ki san su ba?"

"Ba wanda ya san su duka. Wani ya yi allon, wani ya yi jiran, wani ya zo ya sa haruffanmu. Ƙila wanda ya yi jiran ma nasa uban ne ya kwanta."

"Kuma suka bar shi haka? Kowa ya ɗauka?"

"Kowa ya ɗauka."

Manaja ya girgiza kai. Wani mutum a wani ɗaki da ba zai taɓa gani ba ya zauna ya yi tunanin hannun da ke rawa, ya yi masa hanya, ya tafi abinsa bai ko bar adireshin da za a yi masa godiya ba. Abin ya fi ƙarfin tsarinsa. Bai san lokacin da ya ce, "Allah ya saka musu," ba.

Mama ta matso ta dafa kafaɗar mijinta. Ta yi magana da shi kai tsaye, yadda ba ta yi ba tun da ya kwanta.

"Malam, ga mota can an loda kayanka. Za ka bi Manaja?"

Kibiya ta tashi. Wannan karon ba ta yi nisa ba.

A A

"To," in ji Mama, ta share ido. "Ka ji. A sauke kaya."

Manaja ya gyaɗa kai. Ya yunƙura zai tashi, sai wani tunani ya sauko masa kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya koma ya durƙushe.

In Baba yana ji yau, to yana ji jiya. Yana ji tun ranar farko.

Zuwansa na ƙarshe, Mama na kicin, Auta ta fita. Kawu ya kira shi a waya yana tambayar jiki. A nan ya tsaya, daidai kan Baba, yana gyara masa bargo da hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ya ce, "Kawu, mu daina yaudarar kanmu. Baba ya riga ya tafi. Jiki kawai muke jinya." Ya faɗa a fili, bai ko rage murya ba, don wa zai rage wa? Ba wanda ya sani. Shi da Kawu ne kawai, a zatonsa.

Ya saci kallon mahaifinsa, ya tarar idon na kansa.

Ƙas.

Duk suka juya.

K U

F I T A

"Mu fita?" in ji Auta. "Duka?"

Kibiyar ba ta tsaya ba.

BAN DA MANAJA

Mama ta dubi ɗanta, ta dubi mijinta. Shekarun da ta yi da mutumin nan sun ishe ta sanin lokacin da ba a tambaya. Ta kama hannun Auta.

"Taso."

"Mama, in wuta ta ɗauke fa? Ban girka shi ba har yanzu, bari in..."

"Taso na ce. Kin yi naki."

Suka fita. Mama ta jawo ƙofar har ta yi ƙara.

Falon ya rage daga shi sai Baba sai hucin fankar kwamfuta. Manaja, mai tsara wa kowa wurin tsayawa, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ajiye makullin mota a ƙasa.

"Baba," ya ce, "ga ni."

Kibiyar ta tashi. A hankali, ba gaggawa. Yana bin ta da ido.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

ABIN DA KA CE

"Baba, don Allah..."

DA KAWU

Hawayen da ya yi watanni yana hanawa ya ɓalle. Ya haɗa hannu biyu, ya buɗe baki zai ba da haƙuri, amma kibiyar ta riga ta sake tashi, dole ya yi shiru ya jira ta. Harafi, jira, ƙas. Harafi, jira, ƙas. Baba bai kalli allon ba da ya gama. Ya juyo da idonsa ya kafe ɗansa da shi.

Manaja ya ɗaga kai ya karanta.

MAIMAITA